Irin Da Muka Ci a Zaman Makokin Kakana

Daga Allah muke, kuma hanyar komawa gare Shi ba ta da mararraba. Kakana na wajen uwa, wanda duk gidanmu ke kira Baba Tsoho, ya bi wannan hanya ranar wata Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma ruwa bai sauka ba. Na zaɓi in rubuta wannan da Hausa, ba da Larabcin da na shafe shekaru ina koyo ba, domin shi bai san Larabci ba sai gwargwadon abin da yake salla da shi, kuma ba na son in yabe shi da harshen da zai ce in fassara masa.

Gidansa yana kusa da Ƙofar Kware, inda hanya ke gangarawa zuwa gulbi. Kafin a dawo daga maƙabarta zaure ya cika, har aka shimfiɗa tabarmi a waje. Malamai abokan mahaifina sun zo, sun yi addu'a mai tsawo sun tashi. Wasu baƙi masu ziyarar Hubbare sun ji labari sun biyo don neman lada. Amma mafi yawan masu gaisuwar manoma ne daga ƙauyukan fadama, masu faso a ƙafa da kanta a hannu, kuma gaisuwarsu ta bambanta da ta kowa. Mutum zai durƙusa gaban kawuna, babban ɗan mamacin, ya ce Allah ya jiƙansa. Sai ya waiga ta ƙofar zaure ya dubi sama, sannan ya rage murya.

"Ya dai bar iri?"

"Ya bari," in ji kawu.

"To, alhamdu lillahi. Allah shi ba da haƙuri."

Wani dattijo da ya tako tun daga Wamakko ya zauna kusa da ni yana share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da kowa ba, "Wanda ka hwaɗa muna ranar yahin iri ya tahi. Bana sai canke." A ɗaya gefen wasu biyu suna raɗa. Na ji ɗaya ya ce, "Dillalin nan bai zaka ba?" Ɗayan ya ce, "Ina hwa. Gabarsu ko likkahwani bai ruhe ta ba."

Ni a raina na ga rashin ladabi ne a tambayi iri alhali ƙasar kabari ba ta bushe ba. Ban daɗe da kammala karatu a gaban malamina ba, ina jin na san abin da ya dace da kowane zama. Allah ya yafe mini. Su ne suka san abin da aka binne.

Ga wanda bai taɓa sauka fadama ba, bari in bayyana abin da ni ma ban fahimta ba sai da tsoro ya karantar da ni. Shinkafar fadamar Rima ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gefe, wadda ake yafawa inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Akwai kuma wadda ake kira mai bin ruwa, ja ce, mai dogon gemu a bakin ƙwaya. Ita ake yafawa a kwari, inda ambaliya ke shanye namiji har da hannunsa a ɗage. Ana yafa ta da ruwan fari, ta tsiro, ta yi ƙarfi kafin gulbi ya cika. In ya cika ya malalo, sai ta riƙa miƙa wuya tana tashi tare da shi, kullum ganyenta yana sama. Ta gefe ba ta iya wannan ba. In aka yafa ta a kwari ruwa ya rufe ta 'yan kwanaki, ta mutu. Gonar gidan kakana kuwa, da gonakin mafi yawan waɗanda suka cika zauren nan, kwari ne.

Irin mai bin ruwa shi ne aikin rayuwarsa. Da kaka, kafin masu lauje su shiga, yakan shiga jirgi shi kaɗai ya nufi inda ruwa ya fi zurfi, ya riƙa zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Yana cewa wadda ta tsira a inda ya fi wuya ita ta cancanci ta haihu. Yakan shanya ta dabam, ya sussuke ta dabam, ya gauraya ta da toka saboda ƙwari, ya zuba a wani ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakinsa. Sai ya liƙe bakin da yumɓu, ya danna tafin hannunsa na dama a kai tun yana ɗanye. Duk wanda ya tashi a gidan ya san wannan tafin hannu. Ko kaza ba a bari ta hau rumbun.

Da bazara kuma sai ya fasa liƙin ya raba. Bai taɓa tambayar mai neman iri ɗan wane ne ba, ko ɗa ne ko bawa, ko me zai bayar. Tambayarsa ɗaya ce: "Ruwan gonarka ina shika kai maka?" In mutum ya nuna gwiwa, sai ya ce ya tafi ya nemi ta gefe, kada ya ɓata masa iri. In ya nuna ƙirji ko ya ɗaga hannu sama da kai, sai ya cika masa ƙwarya. Kuma ba wanda ke yafawa sai ya ji Baba Tsoho ya yafa.

Tsakanina da shi wasa ne irin na kaka da jika. In na shigo gaishe su da gafaka a rataye, tun daga nesa zai fara.

"Ga ɓarawon mata nan ya zaka. Malam ƙarami, ka ce za ka ƙwace min mata, ko galma ba ka iya ɗagawa. Da mi za ka cishe ta? Da tawada?"

Kakata, wadda muke kira Iya, sai ta amsa daga ɗaki, "Ka bar min maigidana. Shi dai ba shi shigo min ɗaki da laka."

"Bar shi, yunwa ka raba ku." Sai ya juyo gare ni. "Cikin littattahwan ga naka, an hwaɗi ranar da ruwa ka zakuwa?"

"Wannan sanin gaibu ne, Baba Tsoho. Na Allah ne."

"Na Allah na, ban musa ba. Amma Ya ɗan tsegunta ma tururuwa, kai bai tsegunta maka ba. Duba ta can tana kwashe ƙwai zuwa tudu."

Sau uku yana kirana in bi shi cikin jirgi in koyi zaɓen iri, kaka uku a jere. Kowane karo ina ce masa sai na ƙare littafin da ke hannuna. Na ƙare littattafan.

Dole in faɗi rigimarsa da dillali, domin ba a san shi ba in ba a san ta ba. Wannan dillalin hatsi sa'ansa ne, shi ke saukar da fatake da ayarin Azbin masu kawo gishiri, ya saya musu shinkafa su fita da ita. Wata shekara da abinci ya yi ƙaranci, umarni ya zo cewa kada hatsi ya fita ƙofar birni. Sarkin kasuwa ya tara manoma da dillalai a gindin wata tsamiya don a ji ta bakinsu. Mahaifina yana wurin, daga gare shi na ji. Kowa ya ɗauka Baba Tsoho zai goyi bayan rufe ƙofa, tun da an san shi da tsoron yunwa. Sai ya miƙe ya ce:

"In kunka ruhe ƙohwa, shinkahwa ta yi arha bana, mutanen birni su ji daɗi. To baɗi hwa? Wa za shi karya gadon bayanai da kahtu cikin rana don abin da ba shi saya mai gishiri? Ƙohwar da tah hana hatsi hita, ita ka hana a noma shi."

Dillali ya yi murna, ya ce, "Kun dai ji daga bakin manomi."

"Ban ƙare ba," in ji Baba Tsoho. "A bar gumi shi hita. Shanshera kau ko ƙwaya."

Shanshera ita ce shinkafa ɗanya cikin ɓawonta, mai rai, wadda in an yafa za ta tsiro. Gumi kuwa ita ce wadda aka jiƙa aka turara a tukunya, aka shanya, sannan aka casa. Hujjarsa ita ce, in dole sai an turara kafin a sayar, mata za su sami aiki, ɓuntu da dusa za su tsaya a gida, kuma manomi ba zai juye wa baƙo kome da kome a bakin masussuka ba, har da irin baɗi, a ranar da ta fi kowace rana arha. Kwanakin da tukunya ke ci sun isa mutum ya dawo cikin hankalinsa.

Dillali ya ce, "Tsoho, raƙumi ba shi jiran tukunyar mata ta tahwasa. Ayari in ya tashi ya tashi. Kai ka noma ta, ni ka maishe ta gishiri da tuhwahi. In ba don ni ba, shinkahwa za ka ɗaura a gindi?"

Aka yi dariya. Baba Tsoho ya jira ta lafa, sannan ya ce, "Wanda matsattsaku bai taɓa shan jininai ba, bai kamata shi yanke ma shinkahwa hukunci ba. Ɗaga ƙahwarka a gani."

Ƙafar dillali tana cikin takalmi, sumul kamar ta amarya. Dariyar da aka yi ta biyu ta fi ta farko, kuma bai yafe ba. Tun daga ranar, sallama kawai ke shiga tsakaninsu, ɗaya ya yi ɗaya ya amsa, kowa na duban wani wuri. Na taɓa tuna wa kakana hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi. Ya ce, "Ina yi mai sallama, shina amsawa. Duba littahinka, mun hita." Na duba. Sun fita, da kyar.

Maganar ƙofa kuwa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata shekara a rufe, wata a buɗe. Ban ga laifin masu hukunci ba, birni yana da bakuna da yawa, kuma kukan mai saye da na mai noma ba sa taɓa zama kuka ɗaya.

Bana ƙofa a buɗe take. Gero bai yi kyau a arewa ba, ayari ya sauko fiye da yadda aka saba, kuma suna karɓar shanshera yadda take, da tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Baba Tsoho yana kwance tun tsakiyar rani. Kawu ba mugun mutum ba ne, yana da iyali da buƙatu, kuma ya ga abin da kowa ya gani. Ya buɗe babban rumbu na abinci ya sayar, ya rage abin da ya ga zai kai gidan zuwa sabon gero. Bai sa mutuwa a tunaninsa ba, balle baƙin da take tarawa. Kafin kwana huɗu da rasuwa, ragowar ta ƙare a cikin masu gaisuwa.

Ana shirin sadakar bakwai, gwaggona, yayar mahaifina, ta zo da mata daga gidajen danginmu na cikin birni don su taimaka. Mutanen kirki ne, matan malamai, waɗanda ba su san shinkafa ba sai a tukunya. Iya tana takaba a ɗakinta, mahaifiyata tana tare da ita, kawu yana zaure. Suka leƙa babban rumbu suka ga ƙasa. Suka zagaya bayan ɗaki suka ga ƙarami a liƙe. Ba su so su dami masu baƙin ciki da tambaya ba. Suka fasa, suka jiƙa, suka turara, suka casa.

A nan zan faɗi nawa laifin. Na karanta, kuma na sani, cewa maƙwabta ne ya kamata su dafa wa gidan mutuwa, ba gidan mutuwa ya dafa wa gari ba. Da na buɗe baki tun farko, da ba a ɗora tukunya ba. Na yi shiru don kada a ce yaro ya dawo daga karatu yana yi wa manya wa'azi. Ranar bakwai aka fito da tuwo ja mai ƙamshi, aka jera akusa a zaure. Na ci. Na ƙara. Na ce ban taɓa cin tuwon shinkafa mai daɗinsa ba.

Bayan azahar aka ce Iya tana kirana. Na sami gwaggo tsaye a bakin ƙofa da akushi a hannu. Iya ba ta dubi abincin ba. Ta miƙa hannu ta ciro wani ɓuntu da ya maƙale a zanen gwaggo, ta ɗaga shi wajen haske. Yana da dogon gemu.

"Daga wane rumbu?" ta tambaya.

"Ƙaramin nan na baya," in ji gwaggo. "Babban ba kome ciki. Shinkahwa ai shinkahwa ta."

Iya ba ta yi kuka ba. Ta ce da ni, "Maigida, kira kawunka."

Ni da kawu muka tsaya gaban ƙaramin rumbu. Liƙin yana ƙasa, ya rabe biyu, yatsu a wannan ɓari, tafi a wancan. Ciki an share shi tas, irin sharar mata masu tsabta. Abin da ya rage tabarma biyu ce ta wadda aka turara ba a kai ga casawa ba, tana shan rana. A ido ba ta da bambanci da iri. Kawu ya durƙusa ya damƙi cikin hannu ɗaya, yana cewa wataƙila ta saman tukunya ba ta ji wuta ba. Ya ƙulle ta a jiƙaƙƙen tsumma ya sa a kasko. Kowace safiya sai ya kwance ya duba, ina tsaye a kansa. Rana ta huɗu tsami ya tashi, ƙwayar ta yi yauƙi. Ya ɗaure tsumman a hankali ya mayar, kamar wanda zai sake dubawa gobe.

A daidai kwanakin ne ruwan fari ya sauka, ba mai yawa ba, amma ya kashe ƙura ya ta da ƙamshin ƙasa. Ban taɓa jin tsoron wannan ƙamshi ba sai bana. Washegari manoma suka fara sallama da ƙoransu da taikunansu. Kawu ya shige ɗaki ya ce ba ya jin daɗi. Ni na fita. Na farko a layi dattijon Wamakko ne. Na shirya magana mai tsari, da aya da misali, amma da na ga ƙwaryar da ke hannunsa sai na ce kawai, "Baba, an dafa irin."

Ya dube ni. Ya ce, "Tuwon nan ja?"

Na ce shi ne.

"Na ci malmala biyu," in ji shi. Ya kife ƙwaryar a kansa kamar malfa, ya juya.

Na ɗauki sanda na bi ƙauyukan fadama, ina tunanin cikin waɗanda kakana ya yi shekaru yana bai wa iri ba za a rasa wanda ya ajiye nasa ba. Kwana uku ina yawo. Amsa ɗaya nake samu, har na fara jin ta kafin a faɗa: "Mun saida, Malam. Tsada ta yi. Mun ce na Baba Tsoho na nan." Wani ya nuna mini sabon bijimi, wani ya nuna mini gishiri jibge a ɗaki. Ba wanda ya yi ganganci a ganinsa. Kowa ya sayar da nasa ne domin ya san akwai rumbu ɗaya a birni da ba a taɓa sayarwa. Alherin kakana ne ya zama dalilin da fadama duka ta rataya a wuyan ƙaramin rumbu guda, mu kuma muka cinye shi a yini ɗaya muna yi masa addu'a.

Ba zan iya kwatanta waɗannan kwanaki da kyau ba. Na kasa karatu. In na buɗe littafi sai in ga baƙaƙen sun zama ƙwayoyi. Mahaifiyata ta taɓa ba ni labarin shekarar da aka haƙa gidan tururuwa don hatsin da ta tara, aka ci bado har ya ƙare a tafki. Da ina jinsa kamar tatsuniya. Yanzu in na ga 'ya'yan kawu suna wasa a tsakar gida sai in kawar da kai. Ko tsawa aka yi nesa sai in fita in dubi sama, domin kowane ruwa yana matso da ranar da gulbi zai cika, kuma irin da bai yi ƙarfi kafin wannan rana ba, da shi da babu ɗaya ne.

Da na dawo daga yawon na je na durƙusa a bakin asabarin Iya na faɗa mata. Ta ce, "Tahi gidan dillali."

"Iya, mutumin da ko gaisuwa bai yi mana ba?"

"Kowace kaka, in ya ruhe rumbu, akwai randa biyu da shika aikawa can bisa jakkai, a maido na bara. Bai hwaɗa ma kawunka ba, don kawunka na da saurin hannu."

"To me ya sa ba ki faɗa ba tun ranar bakwai?"

"Tsoro. Mutumin da ka saida ko ƙasar da hatsi yaz zuba, a shekara irin wagga? Muddin ba a tambaya ba, randa na nan. In anka tambaya, ban san mi za a ishe ba."

Na tafi da hantsi. Ƙofar gidansa cike da raƙuma a gurfane da jakuna, ana ɗaura kaya, duk shanshera. Na tsaya ina kallon taikunan nan ina tambayar kaina ko irin kakana yana cikin ɗayansu. Ya gan ni sarai, amma ya bar ni a rana har ya sallami mutanensa. Sannan ya yafuto ni cikin zaure.

"Kai na jikan nan mai karatu?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kun ci iri."

"Haka ne."

"Da daɗi?"

Na ji kamar in tashi. Amma gaskiya ita kaɗai ta rage mini, sai na ce, "Da daɗi, Baba. Har na ƙara."

Ya dube ni ta ƙasan gira, ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ne. Ya tashi da kyar, ya ce in biyo shi. Muka ratsa soraye biyu zuwa wani ɗaki mai duhu. Ya janye wata tsohuwar tabarma. Randa biyu ne manya, a kan duwatsu saboda gara. A bakin kowace, cikin busasshen yumɓu, ga tafin hannun kakana, yatsu biyar cif, ko tsaga babu.

Na zauna a ƙasa.

"Wani Buzu ya yi min tayin raƙumi a kansu," in ji shi. "Raƙumi mai kyau. Ka san mi kakanka yac ce ranar da yah hwara kawo su? Ko zama bai yi ba. Yac ce, mai yunwa shina cin iri, mai kwaɗai shina saida shi. Kai kana da kwaɗai, amma girman kanka ya hi kwaɗanka, ba ka yarda a ce ka ci amanar wanda kaka gaba da shi. Yaj juya yat tahi. Zagi na ko yabo, har yau ban sani ba."

Na ce, "Baba, da ka ji abin da ya faru, me ya hana ka aiko?"

"Ajiya ba ta da ƙahwa, mai ita ka zuwa. Kuma ina son in ga wa za shi iya cin kunyar zakuwa." Ya nuna ni da sandarsa. "Ba kawunka za shi raba ba, kai za ka raba. Ka san tambayar da aka yi?"

"Ruwan gonarka ina yake kai maka."

"Ashe ka koyi wani abu ban da tawada. Kuma ka sani, tunda an ce kana rubuce-rubuce, ban shiga rumbun kowa ba. Sun kawo, na saya. In ƙohwa na buɗe gobe ma saye ni kai. Shi da gaskiyatai, ni da tawa."

Randa biyu ba su isa ko sulusin kwarin ba. Na raba da ƙaramar ƙwarya, ina yin tambayar, ina duban inda mutum ya nuna. Wasu sun tafi suna godiya, wasu suna gunaguni, dattijon Wamakko ya karɓi nasa ya juya. Gonaki da yawa sun kwana ba iri, kuma bana za a sha wuya, wannan ba a ɓoye yake ba. Abin da muke nema yanzu shi ne kada irin ya yanke daga ƙasa.

Mun yafa namu a makare, da kusan kwana goma, a inda ya fi zurfi. Na tuɓe riga na sauka tare da kawu, ya nuna mini yadda ake sakin hannu. Ta tsiro. Ba ta kai inda kakana yake so ta kai ba gulbi ya malalo. Safiyar da muka shiga jirgi ba abin da ake gani sai jan ruwa har iyakar ido. Kawu yana tuƙi bakinsa na motsi. Sai da muka kai tsakiyar gonar na ga wasu 'yan tsinkaye kore, sirara kamar allura, sun huda saman ruwa.

Na kafa gora a gefe na yi mata tsaga. Kowace safiya ina zuwa, in shiga har ƙugu in duba. Ruwa yana hawa, ita ma tana hawa. Yau da nake wannan rubutu bai daina hawa ba, kuma masana sun ce da sauran babban cikar. Ban san wanda zai gaji tsakaninsu ba. Ina kwana da tsoro ina tashi da shi.

Ɗazu da na dawo daga fadama na biyo ta ƙofar dillali. Yana zaune a kan buzu. Na yi sallama ya amsa, sannan ya ce, "Tana bisa?"

"Tana sama, Baba. Da yatsa biyu."

"Ɗaga ƙahwarka in gani."

Na ɗage wando. Laka ta bushe har gwiwa, ga wurare uku inda matsattsaku ya sha ya saki, jini yana tsattsafowa. Ya duba da kyau, kamar mai duba hatsi kafin ya yi tayi. Sannan ya gyara zama ya ɗaga tafukansa biyu.

"Allah shi jiƙan tsohon," in ji shi. "Allah shi ba ku haƙuri."

Na ce amin. Ya Allah, bawanka ya yi shekaru yana zaɓen wadda ta tsira a inda ya fi zurfi. Ka ɗaga kansa sama a ranar da kowa zai nutse cikin guminsa, Ka yafe mana abin da muka ci, kuma Ka bar mana yatsun nan biyu har kaka.